Kabbara Huɗu Don Attahiru

Lahadi, farkon Rabi'ul Awwal, da hantsi

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi da ya bar mini idon ganin layi har yau. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake gaya wa takarda.

Jiya na je duba Attahiru. Tare muka yi karatun allo, shi ya kama fataucin gishiri da kanwa, ni na zauna da littattafai. Cikinsa ya kumbura, ƙafafun ma haka, tun kaka bai leƙa kasuwa ba. Ya sa aka kira babban ɗansa Mukhtari, ya ce a gabana, "In na tahi, Halilu za ya yi min salla. Ba Malami ba. Halilu."

Mukhtari ya dubi ƙasa. Ni ma, Halilun da ya ambata, na dubi ƙasa. Duk Illela an san abin da ya sa na sauka daga limanci na bar wa ɗalibina Malami. An ga Asubar da na tsaya gaban jama'a ina ɗaga hannu ina saukewa, ina sake niyya, kabbara ta ƙi fita yadda zuciyata za ta yarda, har gari ya waye mutane suka zare jiki kowa ya yi tasa.

Na ce, "Attahiru, ka san halin da nike ciki."

Ya ce, "Na sani. An ce shakka ta aure ka, ko goro ba ka aiko muna ba." Dariya ta sa shi tari. Da ya lafa ya ce, "Kai ka yi wa tsohona salla, kai ka raɗa wa wanga ƙato suna. Ba ni son baƙuwar murya bisa kaina."

Na amsa. Ban san da wane baki na amsa ba.

Litinin, bayan Azahar

Tasalla, ɗiyar Attahiru, ita ke kawo mini tuwo da ruwa tun rasuwar mai ɗakina. Yau ta leƙa randa ta ce, "Baba Malam, jiya na cika ta. Raƙumi kake kiyo ban sani ba?"

Bazara ce, rijiya ta yi nisa, igiyar guga ta cinye mata tafin hannu. Ni kuma in na wanke hannu na kai ga fuska, sai wani abu ya ce, ka tabbata ka wanke? In koma. Yatsuna duk sun tsattsage, alƙalami ma da ƙyar nake riƙe shi. Allah ya saka wa yarinyar nan. Da wasa take faɗa mini abin da wasu ke faɗa a bayana.

Laraba, bayan La'asar

Turawan da ke auna iyaka tsakaninsu da Faransa sun tashi daga bakin tafkin Kalmalo sun yi gabas. Sun bar kukun babbansu, don kurkunu ya fito masa a idon sawu, ba ya iya taka ƙasa. Mai gari ya ce a sauke shi gidana, tunda ni ke da ɗakin da ba kowa.

Ɗakin Hamidu ne. Na share.

Baƙon ba Bature ba ne, ba kuma Balarabe ba. Siriri ne, gashinsa mai santsi, furfura ta fara cinsa. Sunansa Bimalu, daga wata ƙasa ta bakin teku can ƙarshen Hindu. Ya yi shekaru yana bin ubangidansa daga Lokoja zuwa Zungeru, ya tsinci Hausar bariki. In na rubuta maganarsa ina miƙe ta kaɗan.

Juma'a, da hantsi

Na fara naɗe masa kurkunun, yadda na ga mahaifiyata na yi. Na jiƙa wurin har kan ya leƙo, fari kamar zaren saƙa, na kama shi a tsinke, na juya kaɗan, na ɗaure da tsumma.

Ya ce, "Ja duka, Malam."

Na ce, "A'a. In ya tsaya, sai ka tsaya. In ka ja ya tsinke a ciki, ƙafar ce za ta biya."

Ya kalli abin ya tambaye ni ko shi ma yana jin zafi. Wai tsutsar. Na ce shekaruna sun haura saba'in, ba wanda ya taɓa tambayata lafiyar kurkunu. Ya ce a addininsu ba a kashe mai rai. Na ce to kajin da Baturenka ke ci fa? Ya ce wani ke yankawa, shi dahuwa ce tasa. Muka yi dariya. Na daɗe ban ji dariya a tsakar gidan nan ba.

Asabar, bayan Asuba

Kullum da sassafe yana zama bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a naɗe, mai ciwon a miƙe, ido a ƙasa. Ba carbi, leɓe ba ya motsi. Yau na kasa haƙuri.

"Wa kake kira?"

"Ba kowa. Kallo nake."

"Kallon mi?"

Ya taɓa ƙarshen hancinsa. "Iska ta shiga, iska ta fita. Da masu wucewa." Ya taɓa ƙirji.

Ya ce yana yaro an aske masa kai, ya zauna damina da yawa wurin malamansu masu rawayan mayafi. Suna bin koyarwar wani da suke kira Budda, ya ce mutum ne, malami, ya daɗe da mutuwa. Abin da aka fi koya musu shi ne sanin halin zuciya: yadda tunani ke tasowa, ya ɗan zauna, ya wuce.

Na yi a'uziyya a raina, na tashi na ba shi kunu.

Litinin, bayan La'asar

Na yi fushi yau, kuma ina godiya.

Ina alwala yana kallona daga inuwa. Da na koma kan hannu karo na ban san nawa ba, ya ce, "Malam, hannu ya wanku. Na gani."

Na ce, "Kai ka gani. Ni ban gani ba."

Ya ce, "Ina kake lokacin da ruwan ke zuba?"

Gaskiya ba na nan. Ruwa na bisa hannuna, ni ina can gaba ina fargabar kada in manta. In na waiwayo ban tarar da komai ba, don ba a yi wankin da ni ba.

Ya ce in zuba ruwan in ji sanyinsa kawai, inda ya taɓa da inda ya gangara. In shakka ta taso, kada in yi kokawa da ita, kada kuma in yi abin da ta ce. In kira sunanta a zuci: shakka ta zo. In duba inda ta zauna a jikina. Ya ce mai tsaron ƙofar gari yana ganin duk mai shiga, ya san wane ne, amma ba ya bin kowa har gida.

Na gwada. A maƙogwaro take zama, kamar lomar da ta ƙi wucewa. Shekara da shekaru tana tare da ni, ban taɓa sanin inda take zama ba.

Talata, da hantsi

Wannan hukunci na san shi tun ina saurayi. Malamanmu sun ce wanda shakka ta aura, ya yi watsi da ita ya ci gaba da ibadarsa. Na karantar da shi ga ɗalibai ba iyaka. Amma na ɗauka watsi da ita shi ne kora, ina korarta tana ƙara ƙiba. Ban taɓa tunanin a bar ta tsaye a gefe a ci gaba da aiki ba.

Alhamis, bayan Azahar

Malami ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya daɗe yana zagaye kafin ya kai ga magana.

"Allah gafarta Malam, ana hwaɗin wai kana zama irin na baƙon ga. Tsoro nike kada ya saka maka wani wuridi."

Na ce, "Ka ji kalma ɗaya ta addininsa a bakina?"

"A'a."

"Ya ce in rusuna wa wani abu?"

"Ban ji ba."

"Numfashin nan da nike kallo, wa ya halicce shi?"

Sai ya ce, da ladabi, in lokacin Baba Attahiru ya yi, shi zai iya tsayawa, ba wanda zai ga laifina. Na san don ya rufa mini asiri ya faɗa. Na sa masa albarka.

Da ya tafi na auna maganarsa da gaske, don ba wasa ba ce. Alƙiblata ba ta motsa ba. Abin da na karɓa wurin Bimalu bai wuce abin da ya karɓa wurina ba: ni na san halin kurkunu, shi ya san halin zuciya. Allah ya sani, in da ɓata a ciki ya nuna mini.

Asabar, bayan Magariba

Buta ɗaya ta isa. Alhamdu lillahi.

Lahadi, bayan La'asar

Yau ma. Tasalla ta leƙa randa ta ce, "Raƙumin ya mutu?" Na ce ya tafi kiwo.

Na yi La'asar ni kaɗai, kabbara ɗaya, ta zauna. Bayan sallama na daɗe bisa buzu ina jin daɗi. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Attahiru na warke.

Talata, da yamma

Mukhtari ya same ni a zaure. Bai zauna ba.

"Baba, don Allah ka tahi ka ce mishi ba ka iyawa. Daga bakinka za ya karɓa, ni in na hwaɗi sai ya ce na raina shi. Mutane za su zo daga Ƙonni, daga Amarawa, daga Gidan Katta. Ka ga zahin da ake yi. In munka aje shi gabanka abin ya taso maka, mi za mu yi?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ba rashin kunya ba ce, ubansa ne. Na ce na ji.

Laraba, Asuba

Ba abin rubutawa.

Laraba, bayan Azahar

Randa ta ƙare kafin hantsi. Rana ta fito ban yi Asuba ba. Na zauna a ƙasa cikin laka kamar yaro.

Bimalu ya ja jiki ya zo kusa. Na ce masa abinsa ƙarya ne, ya yi kwanaki ya daina. Bai ji haushi ba. Ya ce ranar daɗi ta zo ta wuce, wannan ma za ta wuce, haka zuciya take. Ya ce son da na yi ranar daɗin ta zauna har abada, shi ma mai wucewa ne, na bi shi har gida ban sani ba. Ya ce malaminsa tsoho ne tukuf, amma kullum daga numfashin farko yake farawa kamar sabon shiga.

Na ce, "To yaushe ake gamawa?"

Ya nuna tsinken da ke ƙafarsa ya ce, "Kai za ka gaya mini."

Juma'a, da hantsi

Bimalu ya tambaye ni na wa ne ɗakin da yake kwana. Na ce ya yi tafiya.

Juma'a, bayan La'asar

Zan rubuta sau ɗaya in huta. Hamidu ɗana ne, shi kaɗai ya rayu. Ya bi masu hijira gabas shekarar da Turawa suka shiga Sakkwato. Cikin waɗanda suka komo, wani ya rantse ya ga faɗuwarsa, wani ya rantse ya gan shi da ƙafarsa a hanyar Makka. Ban yi zaman makoki ba, ban kuma daina sauraren ƙofa ba.

Iyakar abin ke nan.

Lahadi, ƙarshen Rabi'ul Awwal, da yamma

Manzo ya zo daga Turawan. Za a aiko da jaki a ɗauki Bimalu. In ba ya iya hawa, za su nemi wani kuku. Ina masallaci lokacin. Da na komo na tarar ya kwance tsumman ya ja da kansa. Ya tsinke.

Ban yi masa faɗa ba. Fuskarsa ta riga ta yi.

Talata, bayan Azahar

Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa kamar garwashi. Yana sambatu da harshensu, yana kiran wani suna, daga baya ya ce ɗiyarsa ce, ya baro ta tana rarrafe. Ya riƙe mini riga ya ce ba ya son ya mutu a nan, ba wanda ya san yadda ake yi da gawarsu.

Sai na ji bakina ya ce, "Wa ya zo?"

Ya dube ni. Can ya ce, "Tsoro."

"Ina ya zauna?"

Ya ɗora hannu a ciki. Hawaye na zuba, yana dariya. Ya ce, "Malam, ka zama ɗan iska." A bariki ya koyo ta, bai san nauyinta ba. Na yafe.

Na kira wanzami ya tsaga wurin, ruwa mai yawa ya fita. Ina gasa masa da tsumma mai ɗumi, Tasalla na dama masa kunun tsamiya. Kwana biyun nan ina alwala ina sauri in koma kansa. Shakkar na zuwa, na ce mata ta zo, na wuce. Na gode wa Allah da ya sa har yanzu akwai mai bukatar hannuna.

Asabar, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Ya zauna bakin ƙofa yau, ni ma na zauna nesa kaɗan da carbina. Iska ta shiga, iska ta fita. Na ga Mukhtari ya wuce ta zuciyata, na ga masu zuwa daga Ƙonni, na ga rana bisa makara. Kowanne na kira sunansa. Wasu na bi su, na farga, na komo. Bimalu ya ce komowar ita ce aikin.

Litinin, bayan La'asar

Sun zo da jakin. Muka ɗora shi, ƙafar a naɗe, na cusa masa man kaɗanya a ƙunshi. Na gaya masa gaskiya, cewa kullum ina roƙon Allah ya shirye shi ya mai da shi ga ɗiyarsa. Ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma kowace safiya yana yi mini fatan zaman lafiya irin nasu.

Na ce, "In abin ya taso mini ranar jana'izar, ba ka nan fa?"

Ya ce, "Ko ina nan, kai ke ƙofar."

Na tsaya har suka sha kwanar gonakin Kalmalo. Gidan ya koma yadda yake.

Laraba, bayan Azahar

Attahiru ba ya iya tashi zaune. Muryarsa ta koma kamar ta iska a kara. Mukhtari na bakin ƙofa, na yi magana yadda zai ji.

Na ce, "Ba zan ruɗe ka ba. Shakkar ba ta tafi ba. Wata rana ina iyawa, wata rana ba na iyawa. In kana son Malami, wallahi ba zan ji komi ba."

Ya buɗe ido. "Kana iya tsayuwa?"

"Ina iyawa."

"To taho da ita. A ba ta wuri sahun baya." Ya nemi hannuna, ya ji tsagar yatsun, ya ce, "Sun fara warkewa, tsohon banza."

Na ce, "Wata biyu ka girme ni."

"Shi ya sa na riga ka."

Mukhtari ya juya baya ya fita.

Alhamis

Shiru. Na share ɗakin, na bar ƙofarsa a buɗe ya sha iska.

Asabar, bayan La'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Attahiru ya cika da fitowar rana.

Tasalla ce ta zo da kanta, ba mayafi sosai, ta ce, "Baba Malam, abokinka." Na yi alwala. Ruwan da sanyi, na ji shi.

Jama'a sun cika fili har bakin hanya. Aka ajiye shi. Malami ya tsaya dab da bayana ta dama, na san dalili, ban ji haushi ba. Mukhtari na hagu, ina jin numfashinsa.

Na ɗaga hannu. Ta zo, nan take, a maƙogwaro: ka yi niyya? Na ce, shakka ta zo. Ƙasa da zafi ƙarƙashin tafin ƙafata. Iska ta shiga. Na yi kabbara, na ji ta fita, na ji sahu ya amsa a bayana. Ban sake ba.

Na yi masa addu'a. Kabbara ta biyu. Ta uku, nan shakkar ta komo da ƙarfi, wai ta uku ce ko ta biyu. Zufa ta karyo mini. Na ji Malami ya motsa. Na bar ta tana magana, ina kallon farin likkafani yana ɗan motsi da iska, har lomar ta sassauta. Ina nan lokacin da aka yi ta ukun. Na san ina nan.

Na yi ta huɗu. Sai wanda ban zata ba ya zo, Hamidu, da fuskarsa ta ranar tafiya. Ƙirjina ya cika har na ɗauka zan faɗi. Na ce, Hamidu ya zo. Bakina kuwa ya riga ya kama addu'ar da ake yi a wurin, wadda na karanta bisa gawawwaki ba iyaka ban taɓa jin ta ba: Allah ka gafarta wa rayayyunmu da matattunmu, da waɗanda ke nan da waɗanda ba sa nan.

Ko wanne ne shi, yana ciki. Ba sai na sani ba.

Na yi sallama, aka ɗauki Attahiru.